Ƙullin Ungurnu a Bakin Zani

Motar ta sauke mu a Dei-Dei, bakin Abuja, da hantsi, daf da kara, inda ake ta sauke shanu ana loda siminti. Ƙafafuna sun kumbura, kunnuwana suna ƙugi. Hajiya Laure, matar da ta ɗauko ni tun daga Mirriya ta ƙasar Damagaram da alkawarin aikin girki a gidan wani babban ma'aikaci, ta zaunar da ni a rumfar wata mai abinci. Ta ce in kawo katin shaidata ta je ta nuna wa masu gidan, in ciro 'yan kunnena ma ta adana mini, don ɓarayin garin nan har da kunnen suke tafiya. Ta ce kada in motsa. Ban motsa ba. Aka yi azahar, aka yi la'asar, ina zaune kamar an dasa ni. Har yau ban ƙara sa Hajiya Laure a ido ba. A kan ɓarayin dai ba ta yi mini ƙarya ba.

Sunana Fassuma. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Hajo, na bar ta wurin innata na taho. Lokacin sojoji sun koma bariki, ko'ina labarin Abuja ake yi, wai gidaje sai tsirowa suke, wai ko shara kaɗai ka iya ba ka kwana da yunwa. Abu biyu inna ta haɗa ni da su. Na farko magana ce: kada in ci abin hannun wanda ban san uwarsa ba. Na biyu dakakken ungurnu, kanwar nan mai duhu mai ƙarfi da ake kawo mana daga gabas. Ta ƙulle mini shi a tsumma, ta naɗe da zare, ta ce in riƙa sa shi a bakin zani, don kanwar birni ba ta da rai. Ranar da Laure ta gudu su kaɗai suka rage mini, sai zannuwa biyu a leda.

Mai rumfar ta ga abin da ya faru tun kafin ni in gane. Ta zubo shinkafa ta miƙo mini, na ce ina azumi. Ƙarya nake yi, hanjina har ƙara yake. Ta dube ni, ta mayar da shinkafarta tukunya. Washegari ta sa ni a bas zuwa Wuse, wurin wata 'yar'uwarta mai neman 'yar wanke-wanke. Duk hanyar ina jiran in ga inda za a sayar da ni. Ba a sayar da ni ba, kwanuka kawai na tarar sun kai ƙugu.

Wata huɗu na yi a bayan kasuwar Wuse. A nan na koyi rufe baki. Ran nan na ce 'yata tana lakwal, matan wurin suka kwashe da dariya, suka ce ashe 'yar Nijar ce, makaranta ake cewa. Ɗaya ta ja ni gefe ta ce in yi hankali, wanda ba shi da takarda ana iya loda shi a mota a zubar a bakin iyaka, ko a fara kai shi inda ya fi haka muni. Daga ranar na daina hira. Na kafa wa kaina doka, ba na cin abinci sai wanda na ga an ɗora tukunyarsa da idona. In an yi mini murmushi sai in taɓa bakin zanina in ji ko ƙullina yana nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni kuwa har igiyar shanya nake zargi. Kewar Hajo ta fi damuna da rana tsaka, lokacin da 'yan makaranta suke wucewa ta bakin kasuwa, sai in duƙar da kai cikin bahon kwanuka in yi kukana, ruwan sabulu ya rufa mini asiri.

Da matar da nake yi wa wanke-wanke ta tashi daga wurin, sai na koma Kado, kasuwar kifi. Mutane su sayi kifinsu, mu kuma mu kankare, mu fasa ciki, mu yayyanka. Hannuna ya tsage, ƙarni ya zauna mini a jiki. Na sami ɗakin kwano a wani tsohon gida da sababbin gine-gine suka zagaye ta ko'ina. Gidan Mama Ladi ne, Bagwariya, Kirista, mai lambu a bakin rafi. Ta ce nan aka binne cibiyarta tun Abuja tana daji. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, a kafaɗar kuma take ɗaukar kaya. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne a bakinta. Kaji gare ta da yawa, ramammu, masu bin mutum har ɗaki.

Tun ranar farko na ga abin da ya tsaya mini a rai. A bayan madafarta akwai wata tsohuwar tukunya mai huji a gindi, an ɗora ta kan duwatsu uku, an cika ta da wani baƙin abu, ruwa ja-ja yana ɗiga daga ƙasanta cikin ƙwarya. Kullum da safe Mama Ladi sai ta je ta duƙa a gabanta, ta ƙara ruwa, ta ɗiba da ludayi ta zuba a miya. Na ce a raina, to, an zo wurin. Duk labaran da ake ba mu a gida game da mutanen kudu suka dawo mini, na tsafi, na naman da ba a faɗin sunansa. Na riƙa gaishe ta daga nesa, ina kulle ɗakina ko bayan gida zan zaga.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kayar da ni. Ko randa ba na iya zuwa. Mama Ladi ta turo ƙofa da kwano a hannu.

“Fasuma, tashi ka ci. Ciwo ba ya son ciki wofi.”

Miyar ganye ce mai ruwa-ruwa, da 'yan curi-curin garin dawa a ciki, da ƙamshin daddawa da busasshen kifi. Yawuna ya tsinke. Na ce na gode, bari ya huce. Tana fita na rarrafa na leƙa, na ga ta nufi lambu, na zagaya bayan katanga na juye. Na wanke kwanon na ajiye mata a ƙofa. Da ta dawo ta tambaye ni ya miya, na ce ban taɓa cin mai daɗinta ba. Kwana biyar tana kawowa, kwana biyar ina juyewa, ina jiƙa garin rogo da ruwan famfo ina sha. Na tashi dai, amma zanina sai da na ƙara masa naɗi.

Bayan na warke ta zo mini da magana. Akwai wata mai sayen ganye a wurinta, Hajiya Binta, babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, tana neman mai girki Bahaushiya. An kawo mahaifiyarta daga ƙauye don ganin likita, tsohuwar ta ƙi cin abinci. Mama Ladi ta ce ta gaya mata tana da mutum, ita ce za ta tsaya mini. Maimakon in yi murna sai na shiga lissafin me za ta samu. Na kwana biyu ina juya abin, ban gano ribarta ba, wannan ya ƙara tsorata ni. Ƙarnin kifi ne ya kore ni na je.

Gidan yana Wuse, mai hawa biyu, kicin ɗinsa ya fi ɗakina girma sau uku. Kullum ina zuwa da safe a bas in koma da yamma. Hajiya Binta mace ce mai tsabta da tsari, ba ta da rowa, amma idonta yana kan komai. Tsohuwar, da kowa ke kira Gwaggo, tana kwance a wani ɗaki mai sanyi kamar randa, haƙoranta ba su fi huɗu ba. An jera mata madarar gwangwani da biskit da wani kunu na kwali, ta juya musu baya. Na gaishe ta, ta ji harshena, ta juyo.

“'Yar ina ce ke?”

“Damagaram, Gwaggo.”

“To ki rufa mini asiri ki ba ni abincin mutane.”

Sai na tuna abin da inna take yi wa marar lafiya da tsoho. Na sami garin wake na haɗa da ɗan garin rogo da kuka. Na kwance ƙullina na ɗebi ungurnu da yatsu biyu na jiƙa, na tace ruwan, na kwaɓa da shi har kwaɓin ya yi yauƙi, ya juya kore. Ba na awo, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ɗaya tukunyar na soya albasa da tattasai da attaruhu guda ɗaya tak, na sa daddawa, na gyara busasshen kifi na cire ƙayarsa kaf, na tsaida ruwa da yawa. Kabewa ta fara shiga ta narke, sai zogale, sai yakuwa kaɗan don ta buɗe baki, alayyahu a ƙarshe don kada ya mutu. Ɗanwaken ƙanana nake jefawa, kamar kan ɗan yatsa, su nutse, su taso, in bar su su nuna sosai, in tsame in zuba cikin miyar su sha romo. Ba mai, ba yaji a kai irin na talla. Wannan na jinya ne, da cokali ake sha.

A gidanmu ba a magana lokacin jefa ɗanwake. Inna ta ce in ka buɗe baki sai ya narke ya zama kunu. Ko gaskiya ne ko dabara ce ta hana yara surutu kusa da tafasasshen ruwa, ban sani ba, ni dai haka na tashi. Bisimilla nake yi a zuci, leɓena yana motsi, in juya wa ƙofa baya har in gama.

Gwaggo ta shanye kwano guda ta nemi ƙari. Cikin mako biyu ta fara zama, ta fara faɗa da mai wanki, alamar sauƙi ya samu. Hajiya Binta ta yi murna da farko, har atamfa ta ba ni. Matsalar ta fara ne ranar wata Lahadi da ba na nan. Hajiya ta shiga kicin da kanta, ta yi wa uwarta ɗanwake da hodar gwangwani da take sayowa a kanti a madadin kanwa. Gwaggo ta ɗanɗana ta ture, ta ce a jira Fassuma. Haka ta yini da ruwan shayi. 'Yar da ta haifa, ta kawo ta birni, take biyan likita, an ture abincinta saboda wata 'yar aiki mai ƙarnin kifi. Ko ni ce sai na ji zafi.

Daga nan na fara ganin inuwa a ƙofar kicin. Na san wannan kallon, don ni ma gwanarsa ce. Wata rana ina tsakiyar jefawa Hajiya ta shigo ta kira sunana. Ban amsa ba. Ta sake kira, leɓena yana motsi, bayana yana gare ta. Da na gama na juyo, ta riga ta fita. Ranar kuma tsautsayi ya sa na manta ƙullina a kan kanta.

Washegari Asabar, ina shiga aka ce ana kirana a falo. Tsummana yana kan teburin gilashi, an kwance zaren, garin ya bayyana, baƙi-baƙi. A wurin nan mai ƙyalli ni kaina sai na ga ya yi kama da abin tsoro.

“Mene ne wannan?” in ji Hajiya.

“Ungurnu ne, Hajiya. Kanwa ce.”

“Na san kanwa. Fara ce, a kasuwa ake sayar da ita, ba a ƙulle ta da zare a tsumma. Me kike karantawa a kan tukunya? Me ya sa uwata ba ta cin abincin kowa sai naki?”

Sai a lokacin na gane barbaɗe take nufi, wai na zuba wa tsohuwa asiri don in mallake ta. Na ce zan lashe garin a gabanta. Ta ce wanda ya haɗa abu ai ya sha makarinsa. Gwaggo ta dogaro sanda ta fito ta ce, “Binta, ki ji tsoron Allah, kanwa ce.” Hajiya ta ce, “Kin gani ko? Ai aikin abin ke nan.” Ta juya harshe zuwa Turanci ta yi wa mijinta da ke zaune a gefe magana mai tsawo, shi kuwa yana ta kallon carbinsa. Sannan ta dawo Hausa don in ji da kyau. Ta ce ta san ba ni da takarda ko ɗaya, waya guda za ta buga a zo a tafi da ni. Abin da ya faɗo mini ba ɗaurin ba ne. Labarin ne zai isa Mirriya, a ce uwar Hajo an kama ta tana yi wa tsohuwa barbaɗe a Abuja. Wa zai auri 'yar mai barbaɗe?

Mijin ne ya ce a fara kiran wadda ta kawo ni. Aka aika direba Kado. Ina tsugune a gefen kujera ina cewa tawa ta ƙare, don me zai sa Mama Ladi ta sa kanta a wuta saboda matar da ko ruwan gidanta ba ta sha?

Ta shigo da taɓon lambu a ƙafa, ta tsaya a bakin kafet ta ƙi takawa. Aka gaya mata. Ta dubi tsumman, ta dube ni.

“Madam, bari ya dafa. A gaban kowa. Ni zan ci.”

“Ke ba ki tsoro?”

“In na ci na fara bin shi kamar akuya, sai ka kira 'yan sanda su kama mu biyu.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka ɗunguma kicin. Ban taɓa girki da idanu takwas a kaina ba. Na yi komai a fili, na ɗaga kowane ganye na nuna. Da na jefa ɗan garin cikin yakuwa don ya kashe tsami, kumfa ya taso fuu, Hajiya ta ja da baya. Gwaggo ta yi tsaki ta ce, “Yarinyar da ta tashi tana tsinke mini yakuwa, yau kumfar kanwa take gudu. Boko bai yi ba.” Da na zo jefawa, Hajiya ta ce in faɗi abin da nake karantawa da ƙarfi. Na tsaya da kwaɓi a hannu. In na yi magana ya narke, an ce asiri ya karye. In na yi shiru, an ce ga shi nan. Mama Ladi ta ce, “Madam, bari ya gama tukuna. Kowane gida da nasa.” Na jefa a shiru. Suka nutse, na ƙura wa ruwan ido kamar raina ne a ciki, can suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Sai da na tsame na ƙarshe na ce, “Bisimilla ce kawai, Hajiya. Innata ta hana mu magana a kan ɗanwake.”

Na zuba kwano ya cika. Mama Ladi ta zauna a ƙasan kicin ta miƙe ƙafa, ta rufe ido ta yi addu'arta, ta ci. Ba ta shinshina ba, ba ta juya cokali tana leƙe ba. Ta cinye tas, ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Gwaggo ta ce in ba a zuba mata nata ba za ta tsine wa wani. Hajiya Binta ta daɗe a tsaye. Can ta dangwali garin da ɗan yatsa ta kai harshe, ta yamutsa fuska, na ga ta gane ɗanɗanon. Ba ta ba ni haƙuri ba, manya ba su cika yi ba. Ta naɗe tsumman da kanta, ta mayar da zaren, ta miƙo mini, ta ce Litinin in zo da wuri. Na ci gaba da aiki a gidan har Allah Ya karɓi ran Gwaggo, miyar nan kuwa ita ce abin da ta sha a ƙarshe.

Amma ba wannan ne ya sa nake ba da labarin ba. Da muka sauka daga bas a Kado, muna tafiya a ƙasa rana tana dukanmu, na kasa haƙuri.

“Mama, ba ki san abin da ke cikin ƙullin nan ba. Don me kika ci?”

“Na san yadda yake ciwo,” ta ce. “Mutum ya dafa da zuciya ɗaya, a ce guba ne.”

Muka ci gaba da tafiya. Ta sauya kwandon da ta taho da shi daga lambu zuwa ɗaya kafaɗar.

“Lokacin da ka yi zazzaɓi, kaji na sun yi ƙiba. Kwana biyar suna cin miya na a bayan katanga.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, “Kin sani, kika ci gaba da kawowa?”

“Na ce wata rana yunwa zai fi tsoro ƙarfi. Kai ne dai ka cika taurin kai.”

Da muka shiga gida ta ja ni bayan madafa, gaban tukunyar nan mai huji da na yi watanni ina kewaye ta. Ta ɗebo baƙin abin ta zuba mini a tafi. Toka ce, tokar karan dawa. Ta ce su ba su da kanwa a ƙasarsu, ita suke tacewa su sa a miya. Mu da muka tashi kanwa tana zube a kowace kasuwa, me zai kai mu tatar toka? Na dangwali ruwan na lasa. Ɗan'uwan ungurnuna ne.

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na ce, “Mama, akwai sauran miya?”

Ta ɗumama, ta zubo a kwanon nan dai da na wanke sau biyar ban ci ba. Na karɓa da hannu biyu, sai maganar inna ta faɗo mini.

“Mama, ya sunan uwarki?”

Ta dube ni kamar zazzaɓin ya dawo. “Laraba. Ya mutu tun da daɗewa. Me ya faru?”

“Ba komai,” na ce. “Yanzu na san ta.”

Na zauna a kan turmi na ci, hawaye yana ɗiga cikin romon, har na suɗe kwanon da yatsa. Kajin suka zagaye ni suna jira, ban rage musu komai ba.